Baba Sanƙo da Hular Tsuntsuwa

Hannu huɗu ne a kan yarinyar lokacin da na shiga ɗakin yara na asibitin. Ƙanwata ta rungume ta ta ƙirji, surukarta ta kama ƙafafu, kowacce na ja, robar ƙarin ruwa tana lilo a tsakaninsu. Yarinyar ko ƙarfin kuka ba ta da shi, sai buɗe baki take yi kamar ɗan tsako. Da ƙyar Sista mai kula da ɗakin ta shiga tsakani, ta ce duk wadda ta ƙara jan yarinyar nan, uwa ce ko kaka, masu gadi ne za su raka ta bakin titi. A bakin ƙofa kuma wata mata ce tsaye, jaka a hammata, kallo kawai take yi. Ita ce jami'ar walwalar yara, surukar ce kuma ta kira ta.

Tsuntsuwa muke ce wa yarinyar, ubanta ne ya laƙaba mata saboda ƙanƙantarta. Ta haura shekara biyu, amma wanda bai sani ba sai ya ce ba ta cika ɗaya ba. Tun ranar da aka haife ta fatarta ja ce jawur, tana saɓa kamar wadda ruwan zafi ya zubo wa. In nan ya lafa sai can ya tashi, zagaye-zagaye, da ɓawo a gefe. Gashinta ba ya tsawo, da ya ɗan fito sai ya kakkarye, kan ya zama kamar gonar da wuta ta ci. Ba ta ƙiba, kullum ƙishirwa, kullum susa. An ce kirci ne, an ce ƙazuwa ce, an ce nonon uwa ne bai karɓe ta ba. Duk abin da ake shafawa an shafa.

Uban direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi na gida. Uwarsa ce ke kusa, ita kuwa ta daɗe da yanke hukuncinta: man bilicin ƙanwata ke shafa wa yarinyar a ɓoye don ta yi fari, shi ne ya ƙone ta. Ta faɗa wa maƙwabta, maƙwabta suka gyaɗa kai, har wata ta ce ai ta taɓa hango kwalbar a kan taga. Ranar da yarinyar ta sheme aka kawo ta asibiti jikinta ya bushe, sai tsohuwar ta ɗaga waya ta kai ƙara.

Jami'ar ba muguwa ba ce, aikinta take yi. Ta ce jibi kwamitinsu zai zauna. In likitoci sun faɗi sunan ciwon, da hujja a hannu, magana ta ƙare. In ba su faɗa ba, za a miƙa yarinyar ga kakarta, ƙanwata kuma ta je ta yi wa 'yan sanda bayani.

Wannan jinjinar ba ta ƙanwata ba ce, ko da yake ta cancanta. Ta wani tsoho ce da ke can ƙarshen baranda, bayan ɗakin ɗibar jini, a ɗakin gwaje-gwaje, wanda yawancin marasa lafiya za su zo su warke ko su mutu ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Kowa a asibitin da Baba Sanƙo ya san shi. Ko sili ɗaya babu a kansa, amma duk gashin da aka rasa gane kansa wurinsa ake kaiwa. Nas-nas kan tsokane shi, wai ƙyashi ne ke sa shi bin gashin mutane da almakashi. Shi kuma ya ce a'a, nasa ya fara dubawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ya ƙare. Yana riga masu shara isowa. Ya rataye rigarsa a ƙusa, ya saka farar ta aiki, ya goge tsohon madubinsa na gwaji, wanda ke mayar da silin gashi kamar itacen girki, sannan ya haɗa shayin da zai manta da shi har ya huce. Jini, fitsari, majina, kankararriyar fata, haka zai yini a sunkuye. Matasan ɗakin sun fi son manyan injuna masu fitar da sakamako da kansu, kuma ba laifinsu ba ne, aikin ya yi musu yawa. Amma aikin gashi babu injin da ke yin sa a can. Ido ne, da haƙuri, da ciwon wuya.

A ranar rigimar, da rana, likitar fata ta zo ta duba Tsuntsuwa. Matashiya ce mai saurin magana. Ta daɗe tana kallon ɓawon da ke gefen zagayen, sannan ta ce tana zargin wani ciwo na gado da ke kama fata da gashi tare, wanda bai cika faruwa ba, ita kanta sau ɗaya ta taɓa gani tana ɗaliba. Gwajin jinin da zai tabbatar a nesa ake yin sa, sakamakonsa sai an yi watanni. Mu kuwa jibi gare mu. Amma ta ce akwai gajeriyar hanya: in ciwon ne, a cikin gashin yarinyar za a samu wasu silai masu gaɓa kamar ta gora. Ba duka ba, 'yan kaɗan ne, sai an tona. Ko ɗaya aka samu ya isa hujja.

Ta aika aka kira Baba Sanƙo. Ya shigo da ɗan almakashi da hantsaki a aljihun gaba, ya durƙusa a gefen gadon, ya gaida yarinyar yana ce mata uwar ɗakina, ya nemi izininta zai ɗan taɓa kanta. Sista ta yaye mayafin da aka lulluɓe kan da shi.

Kan nan fes, sai ƙyalli yake yi.

Ƙanwata ce ta aske shi da safe. Da ta ji jami'a za ta zo, sai ta aika aka sayo mata reza, ta shiga banɗakin ɗakin yaran ta aske kan a hankali, ta wanke, ta shafa mai. Ruwa ya tafi da gashin. Da aka tambaye ta dalili, ta ce duk inda ta shiga da yarinyar gashin nan mutane ke fara kallo, su ce uwa ba ta kula. So take jami'ar ta ga 'yarta tsaf. Surukar ta juya wurin jami'ar ta ce to an gani, ta ɓoye shaida. Jami'ar ta yi rubutu. Likitar ta rufe ido kamar wadda aka mara.

Baba ya kalli kan yarinyar, ya shafa nasa.

"To, uwar ɗakina," ya ce, "yau mun zama 'yan ƙungiya ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma ba don a yi ya faɗa ba, so yake yarinyar ta daina kallon almakashin. Ya ce saura gira. 'Yan silai ne tsiraru a girar, ya bi su ya yanke daga tushe, bai tsige ba, don ya ce in an ja a daidai gaɓar da ake nema zai tsinke. Ya tafi da su a kan ɗan gilashi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Dab da tashi daga aiki ya dawo, ya ce bai gani ba.

Ƙanwata ta bi shi baranda ta zube a gabansa. Ta roƙe shi da Allah ya rubuta cewa ya gani, tunda likita ma haka take zargi, wa zai sani? Ya ce ta tashi, ƙasar nan ba ta da tsabta. Ya ce in ya rubuta abin da bai gani ba, ya zamana wani ciwon ne, to an rufe wa yarinyar ƙofar neman magani ke nan da hannunsa.

"Ban ce babu ba, 'yata. Na ce ban gani ba tukuna."

Sai ya tambaye ta abin da yarinyar ke sawa a ka kullum. Ta ce wata hular saƙa ce, ba ta yarda a cire mata ko da zafi. Ya ce an wanke ta kwanan nan? Ta ce a'a. Ya ce a kawo masa ita gobe da sassafe, kada a kaɗe, kada ruwa ya taɓa ta. A nan ƙanwata ta kama baki. Surukar ta riga ta je gidan ta kwashe kayan yarinyar kaf ta kai nata, tana shirin karɓar jika.

Ni aka tura, tunda ni ne yaya. Na isa da safe na samu tsohuwar a tsakar gida, ta cika baho da ruwan kumfa, kayan Tsuntsuwa a tule a gefe, hular a saman tulin. Ta ƙofar ɗaki ina hango sabuwar 'yar katifa da aka shimfiɗa kusa da gadonta. Ta amsa gaisuwata a daƙile, ta ce ashe lauya aka ɗauka. Na ce ba lauya ba ne, Iya, ɗan aike ne, masu gwaji ke son hular nan. Hannunta na cikin kumfa ta tsaya tana kallona. Can sai ta ce madalla, ai ko makaho ya shinshina hular nan zai ji man bilicin. Ta goge hannu, ta ƙulle hular a leda, ta ce da kanta za ta kai, kada in musanya a hanya.

Baba ya juya hular ciki waje a kan farar takarda. Abin da ya zubo kamar ƙura ne, guntayen gashi da ɓawon fata. Ya riƙa tsinta da hantsaki yana jerawa a gilashi, ya duba, ya ture, ya jera wasu. Surukar ta zauna a bencin bakin ƙofarsa kamar mai gadi. Ya miƙa mata shayinsa da ya huce, ta ce ta ƙoshi. Rana ta take, aka yi azahar, aka yi la'asar. Daga baya ne Sista ta faɗa mini cewa idonsa na hagu ya daɗe da yin yana, da na dama kaɗai yake aiki, shi ma ruwa yake yi in ya daɗe a kan madubi. Bai faɗa wa kowa ba ranar. Yana dubawa yana share ido da bayan hannu.

Bayan la'asar ya leƙo ya ce a kira masa likita. Ta zo da gudu-gudu, ta sunkuya ta duba, ta miƙe.

"Shi ne," ta ce.

Baba yana da wata ɗabi'a da ba ta cikin dokar aiki. In ya samu irin wannan, ba ya yarda takarda kaɗai ta yi magana, sai iyalin sun gani da idonsu. Aka kira ƙanwata, aka kira jami'ar, da uban yarinyar wanda ya iso daga hanya rigarsa na warin man dizal. Baba ya yanki sili ɗaya daga girarsa, ya ce nan kaɗai ya rage masa jari, ya ɗora don a ga yadda lafiyayyen gashi yake: santal, kamar sanda. Sannan ya ɗora na Tsuntsuwa. Ni ma na duba. A tsakiyar silin akwai ƙulli, ɓangare ɗaya ya nutse cikin ɗayan kamar taɓarya a turmi. A nan yake karyewa.

Likitar ta yi bayani a hankali, ba da saurinta na kullum ba. Ta ce ƙullin nan tun gashin na cikin fata yake samuwa, babu mai ko ruwan zafi da zai yi shi. Ta ce ciwon gado ne, kuma sai an haɗa: rabi daga uwa, rabi daga uba, su biyun kuma lafiyarsu ƙalau, ba su san suna ɗauke da komai ba.

Surukar ta ce su dai a danginsu babu wannan. Baba bai yi musu da ita ba, ya matsa mata kujera, ya nuna mata inda za ta sa ido. Ta daɗe a sunkuye, har na ɗauka ba ta ga komai ba ne. Ba ta ɗago ba ta tambayi likita, murya ƙasa-ƙasa, ko jaririn da aka haifa da wannan zai iya mutuwa tun bai fara zama ba. Likitar ta ce ƙwarai, da yawa haka suke tafiya, fatar ba ta riƙe ruwa, jiki ya bushe.

Tsohuwar ta sauka daga kujerar ta zauna a ƙasa. Ta ce kafin wannan direban ta haifi namiji, ja kamar Tsuntsuwa, yana saɓa. Bai yi nisa ba. Dangin mijinta suka ce ita ta dafa shi da ruwan wanka, ita ma ta yarda, kuma da haka ta tsufa. Ɗanta yana tsaye a kanta, bai taɓa jin yana da wa ba sai ranar.

Ba ta nemi gafarar ƙanwata ba, har yau kuma ba ta nema ba. Washegari kwamiti ya zauna ya tashi, jami'ar ta zo da kanta ta ce yarinya na wurin uwarta. Da yamma aka ajiye kayan Tsuntsuwa a ƙofar gidan ƙanwata, a wanke, a ninke, babu saƙo.

Da ma a ce nan labarin ya yi daɗi. Ciwon ba ya warkewa. Mai ne safe da yamma har abin da Allah ya yi, da tsaron ƙishirwa, da gudu asibiti duk ranar da fatar ta yi ruwa. Magungunan shafawa masu ƙarfi da aka yi ta lafta mata a baya, likita ta ce a daina, fatar shanye su take har cikin jini. Ƙanwata kuma da ciki, an kuma faɗa mata gaskiya, kowane ciki zai iya zuwa da shi. Mijin ya koma hanya tun hutunsa bai ƙare ba, wayarsa ta fara wuyar shiga. Maƙwabtan da suka gyaɗa kai sun bar zancen bilicin, yanzu cewa suke gidan akwai mugun jini. Tsuntsuwa tana kwana a jikin uwarta, tana susa har ta yi jini. Amma a jikin uwarta take kwana.

Da ƙanwata ta je yi masa godiya, Baba ya ce ta bari, suna kawai ya samo mata, ba magani ba. Sista ta ce bayan fitarta ya ce aikin nan ba ya ƙarewa da murna: duk ranar da ya ga ƙullin, uwa ta fita daga zargi, yaro kuma ya shiga ɗaurin rai da rai.

Baba, kai ne idon da ba ya cewa ya gani sai ya gani. Kai ne wanda uwa ta zube a gabanka tana kuka ka hana ta ƙarya, ka yini a sunkuye da ido ɗaya har ka samo mata gaskiya. Sista ta ba ni labarin yaron da aka kora daga makaranta wai yana shafa wa yara cuta, ka tafi da ƙafarka ranar hutunka, ka ɗora shi a cinya a gaban malamai da iyaye, ka sha ruwa a kofin da ya sha. Likita ta ce akwai lokutan da ka kwashe kwanaki kana tona ka dawo ka ce ba ka samu ba, ba ka taɓa jin kunyar faɗa ba. In aka yabe ka sai ka ce likita ce ta san abin da ake nema, kai ido ne kawai. To, mun gode wa idon. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyarsa.

Ƙarshen watan nan ya yi ritaya. Har ya tafi babu wanda ya zauna kusa da shi ya koyi aikin gashi, kuma wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni. Ku matasan ɗakunan gwaji, mutumin nan yana raye, gidansa ba ɓoyayye ba ne, ku je ku sunkuya a gabansa tun idon daman bai bi na hagu ba. Ku kuma iyaye, in yaro yana da ciwon fata da gashi mai karyewa, kada kunya ta sa ku aske shi kafin likita ya gani. Mu kuwa masu gyaɗa kai a bakin ƙofa, mu riƙa tunawa akwai abin da ido ba ya gani sai an sunkuya.

Ranar sallamarsa an ɗan taru a ɗakin gwajin da rana, nas-nas da likitar fata da mu, ana shan lemo a tsaye. Sista ta ba shi kyautar matsefi, aka yi dariya, shi ma ya yi. Ana cikin haka wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa, dogo, ramamme, da alamar ya sha hanya. Ba wanda ya san shi. Ya yi sallama ya ce yana neman tsohon da ke duba gashi, jami'ar walwalar yara ce ta yi masa kwatance.

Sista ta ce masa Baba ya ajiye aiki yau. Mutumin bai ko kalle ta ba. Ya ce 'yarsa ta rasu, an binne ta, fatarta ja ce tana saɓa tun haihuwa. Matarsa tana tsare, ana tuhumarta da ƙona yarinyar, mako mai zuwa za a shiga kotu. Ya zaro wani ƙullin hankici daga aljihu ya kwance a kan tebur. Ɗan ƙaramin mataji ne na yara, da 'yan guntayen gashi maƙale a haƙoransa. Ya ce abin da ya rage ke nan.

Baba ya ajiye lemonsa, ya ce a kashe fanka. Ya matso ya sunkuya a kan matajin bai taɓa ba, sannan ya tambayi mutumin wa ya kai ƙarar matar.

"Ni ne, Baba," in ji mutumin.